Daga Huhun Goro Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Adon Harshe a Bakin Hausawan Agege



Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu wani al'amari ne da ya faru a gidan ɗaya daga cikinmu. An bugo waya daga gida Arewa da asuba, maigidan ya tafi masallaci, sai ɗansa ɗan shekara goma sha biyar ya ɗauka. Mai kiran ya ce masa, "Ka gaya wa babanka Inna ta kwanta dama." Yaron ya ce to, ya ajiye waya, ya shirya ya tafi makaranta. A tunaninsa an ce ne kakarsa tana barci ta ɓangaren dama. Sai da aka sake bugowa da hantsi maigidan ya ji mahaifiyarsa ta rasu, lokacin har an fara shirin jana'iza. Yaron nan yana jin Hausa, da ita ake magana a gidansu. Abin da ya ɓace masa shi ne Hausar da ke ƙarƙashin Hausa, wadda malamai ke kira adon harshe. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya mu ga inda muka samo wannan ado, yadda ya iso Kurmi tare da kakanninmu, da amfanin da ya yi musu.

Abin da ayari ya bar mana

Tun kafin jirgin ƙasa, fataucin goro ne ya fi fitar da Bahaushe daga gida. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna wajen kai ayari Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke Ghana ta yau, tafiyar watanni da jakuna. Kowane ayari yana da madugu, da jagaba mai shigewa gaba, da uban dawaki. Inda aka sauke kaya aka kwana shi ne zango. Masana da dama na ganin sunan Gambari da Yarabawa ke kiranmu da shi daga sunan waɗannan Kambari ya samo asali.

Ayarin ya wuce, amma kalmominsa suna bakinmu. Yau muna cewa zangon karatu na farko, alhali babu jaki babu mangala. Wanda ke jagorantar 'yan adawa mu ce masa madugu. Mai wa'azi ya ce mu yi guzuri, kowa ya san ba ƙuli-ƙuli da garin fura yake nufi ba, aikin alheri yake nufi domin tafiyar da ba a dawowa. Wannan shi ne siffantawa: a ɗauki abu a ce shi ne wani abu kai tsaye, ba tare da an sa "kamar" a tsakani ba. Idan dattijo ya ce duniya kasuwa ce, ya siffanta. Idan ya ce duniya kamar kasuwa take, ya kamanta. Maƙwabtanmu Yarabawa ma suna da irin wannan magana, cewa duniya kasuwa ce, lahira ita ce gida. Ɗan kasuwa a ko'ina da ma'aunin sana'arsa yake auna rayuwa.

A wannan hanya ta Gwanja aka samu ɗaya daga cikin manyan marubutan zango, Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858. Ya zauna Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan talauci da wadata da kuma zuwan Turawa. Wannan shaida ce cewa zaman baƙunta bai taɓa hana Hausa yin zurfi ba.

Yadda muka sauka Agege

Zaman Hausawa a Ikko tsoho ne. A 1863 Baturen nan John Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda ake lissafawa cikin tushen sojan Najeriya. Amma abin da ya cika Agege da mutanenmu abu biyu ne, layin dogo da goro. Jirgin da ya tashi daga Iddo ya isa Badun a 1901, Agege tana kan hanya, zuwa 1912 kuma an haɗa Ikko da Kano. A farkon ƙarni na 20 manoman Agege da kewayenta suka rungumi dashen goro irin wanda Bahaushe ke so. A gefe guda, fatake irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rayu daga 1877 zuwa 1955, sun riƙa ɗauko goro daga gaɓar tekun Ghana ta jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a yi Arewa da shi. Tafiyar da take cin watanni ta koma ta kwanaki. Masu saye da masu ɗaurin huhu da dillalai da fatoma suka yada zango kusa da tasha, daga baya mahauta da 'yan tireda suka biyo.

Goro bai tsaya a huhu ba, ya shiga harshe. Idan aka ce maka "Albishirinka," ka ce "Goro," a tambaye ka fari ko ja. Yaro ya zo yawon Sallah a ba shi goron Sallah, alhali kuɗi ne aka miƙa masa. Katin ɗaurin aure ya zo ta waya mu ce mun samu goron gayyata. Launi ma muna da ruwan goro. A nan an ambaci abu ɗaya ne ana nufin abin da ya saba tafiya tare da shi, saboda a da goron ne ake bayarwa da gaske. Wanda ya san wannan tarihin ya san cewa duk lokacin da Bahaushe a Kano ko Maraɗi ya ce goron Sallah, akwai gumin mutanen zango a cikin maganar.

Kasuwa ma ta koya mana mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba halin mutum ko na mai rai. Mukan ce kasuwa ta ci, kasuwa ta tashi, kasuwa ta mutu. Jari yakan karye sai ka ce yana da ƙashi. Da motoci suka karɓi aikin jirgi sai aka samu karen mota, an ɗauki yaro an ba shi sunan dabba saboda yadda yake bin mota duk inda ta nufa, abin da malamai ke kira dabbantarwa. Sannan ga kalmar nan ta ciniki, "albarka." Mai saye ya taya, mai kaya bai yarda ba, amma ba zai ce "ban sayar ba" ya kunyata shi a gaban mutane. Sai ya ce albarka. Ya ƙi tayin, ya kuma bar ƙofa a buɗe don a ƙara. Kalma ɗaya ta tsare ciniki ta tsare mutunci.

Gudummawar zaure

Kashi na biyu na adon harshenmu daga malamai ya zo. A makarantun zaure, ɗalibin da ya yi nisa yakan karanta balaga, ya san tashbihi da isti'ara da kinaya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da ƙanensa Malam Abdullahi, da 'yarsa Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, sun yi amfani da waƙa cikin Larabci da Fulatanci da Hausa domin isar da karatu ga wanda bai iya karanta littafi ba. Sun san cewa talaka ba zai riƙe dogon bayani ba, amma zai riƙe hoto. Don haka waƙoƙin wa'azi na wannan zamani suka yawaita nuna duniya a siffar mace mai yaudara ko gidan aro, suka nuna mutuwa a siffar tafiya. Irin wannan karatu bai tsaya Arewa ba. A nan Agege muna da Markaz, makarantar da Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa a Abekuta a 1952 kafin ya dawo da ita nan, inda har yau ake koyar da Larabci da fannoninsa.

Daga tarbiyyar addini da kunya irin ta Bahaushe muka samu saye, wato rufe magana mai nauyi da mai sauƙi. Ba mu cewa wane ya mutu gatsau. Mukan ce ya rasu, ya cika, ya kwanta dama, ya riga mu gidan gaskiya, ko rai ya yi halinsa. Mai ciki mu ce tana da juna biyu, in ta haihu mu ce ta sauka. Mai zuwa makewayi ya ce zai zaga. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mata ba ta kiran sunan mijinta sai ta ce maigida ko malam, jikan da aka sa wa sunan kaka a kira shi Maisuna ko Abba. Wannan shi ne darasin da ya wuce yaron da muka ambata a farko. "Kwanta dama" na nuni ne da yadda ake kwantar da mamaci a kabari ta gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Da an taɓa zaunar da shi an gaya masa sau ɗaya, da bai manta ba.

Lokacin da aka fara rubutawa

Turawa sun lura da wannan arziki da wuri. A 1885 J. F. Schön ya buga Magana Hausa. A 1905 Kyaftin Merrick ya fitar da littafin karin maganar Hausa. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Abin da ya kamata mu mutanen zango mu lura da shi shi ne littafin R. S. Rattray na 1913: ba a Kano ko Katsina aka tattara shi ba, a ƙasar Ghana ne, daga alƙalamin wani malamin zango, Malam Shaihu. Ƙamusun Bargery ya biyo baya a 1934, cike da karin magana da kirari.

Da 'yan ƙasa suka karɓi alƙalamin boko, sunayen ayyukansu kansu ado ne. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, siffantawa ce irin ta ɗan kasuwa: an ce magana ita ce jarin. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 kuwa kamance ne na fifiko, domin kwabo ake sayar da ita, sai sunan ya gaya wa mai saye cewa abin da zai samu ya fi abin da ya biya.

Sunayen da ake koyarwa yau a makaranta, irin su kamantawa, siffantawa, jinsintarwa, alamtarwa da kambamar zulaƙe, malaman jami'o'inmu ne suka daidaita su. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya yi aiki a kan hanyar feɗe rubutacciyar waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi a kan waƙar baka, Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Sakkwato ya yi a kan salo. A taƙaice, kamantawa tana tafiya da kalmomi irin su kamar, tamkar, awa, sai ka ce, kuma takan nuna daidaito ko fifiko ko kasawa. Jinsintarwa ta haɗa mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Alamtarwa ita ce a ambaci alama a bar mai ji ya gano abin da take wakilta, kamar rawani a madadin sarauta ko allo a madadin karatu. Kambamar zulaƙe ita ce zuzuta abu fiye da ƙima, kamar a ce an yi taron da ba masaka tsinke. Malaman sun ba su suna ne kawai. Kakarmu da ba ta taɓa shiga aji ba tana amfani da dukkansu kafin ta gama dama koko.

Kirari, zambo da habaici

Kirari shi ne takardar shaidar baƙo. Bakano ya ji an ce tumbin giwa, Bakatsine ya ji an ce ɗakin kara, Basakkwace ya ji an ce birnin Shehu, nan take gida ya faɗo masa ko da yana tsakiyar Oshodi. Mahauta suna da nasu, 'yan dambe suna da nasu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa filin dambe a Ikko ya ji yadda ɗan wasa ke mayar da kansa dutse ko guguwa kafin ya ɗaure hannu. Makaɗa irin su Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Ɗan'anace, Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos sun iso mana ta faifai da kaset da rediyo, suka zama makarantar Hausa ga yaran da aka haifa a nan.

Sai dai wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Zambo yana siffanta mutum da muninsa har kowa ya gane shi, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa abokan hamayyar sarki. Habaici ba ya kama suna, ana jefa shi sama ne, mai kaza a aljihu shi ba ya jimirin as. Gugar zana da gatse da baƙar magana duk 'yan gida ɗaya ne.

Siyasa ta nuna ƙarfin waɗannan makamai. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zauna nan Ikko yana sakataren jam'iyyar NCNC daga 1948, ya yi amfani da waƙa wajen gargaɗin sarakuna da talakawan Arewa kafin rasuwarsa a 1958. A zamanin da yawancin masu zaɓe ba su karatun boko, alama ce ke magana: fartanya ta NPC, zakara na NCNC, daga baya mabuɗi na PRP da gida da masara na NPN. Da PRP ta rabe a farkon shekarun 1980, ba a kira ɓangarorin da dogon suna ba, sai aka ce 'yan santsi da 'yan taɓo, kowa ya gane. A ɗaya gefen kuma, ihu da baƙaƙen maganganun da aka yi wa wakilan Arewa a titunan Ikko bayan muhawarar neman mulkin kai ta ƙarshen Maris 1953 suna cikin abubuwan da suka share fagen rikicin Kano na watan Mayun wannan shekara. Magana zarar bunu ce.

Abin da ya shafe mu yau

Mu da ke zaune a ƙasar wasu, harshe shi ne katangarmu ta farko. Ba mu manta da abin da ya faru a Ketu da Mile 12 a Nuwamban 1999 ba, da Idi-Araba a Fabrairun 2002, da Mile 12 kuma a Maris 2016. An rasa rayuka da dukiya ta kowane ɓangare. Kowace fitina da dalilanta, amma duk wanda ya shaida ya san rawar da jita-jita da kambama labari suka taka. Ya kuma san cewa a ƙarshe zama aka yi, sarakunan Hausawa da masu unguwannin Yarabawa, aka kashe wutar da baki. A irin wannan zama dattijo ba ya cewa ku ne da laifi. Yakan ce harshe da haƙori ma sukan saɓa, ko ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowa ya ji nasa, ba a ci fuskar kowa ba. Yarabawa suna kiran karin magana dokin zance, don haka wanda ya zo musu da ita sun san da dattijo suke magana. Ga kuma wasan barkwanci da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, wanda sau da yawa yakan mayar da cacar baki dariya.

Dubi kuma yadda kalma ke juyewa a bakin wani. "Aboki" kalmar girmamawa ce da kakanninmu ke kiran abokin ciniki da ita. Yau a titunan Ikko wasu na faɗinta da sigar raini. Matashin da bai san asalin kalmar ba zai harzuƙa ya kai hannu. Wanda ya sani zai iya amsawa cikin murmushi ya ce, tunda ka kira ni aboki, to ka riƙe amanar abota. Na farko ya jawo wa unguwa fitina, na biyu ya koyar da darasi ya wuce.

'Ya'yanmu suna tashi da Hausa da Yarabanci da Turancin buroka, kuma wannan arziki ne, ba aibi ba. Hausar zango ta daɗe tana ara tana bayarwa. Damuwarmu ita ce Hausar da yawa daga cikinsu ta tsaya a "kawo ruwa" da "nawa ne." Ba su san bambancin farin jini da farin ciki ba, ba su san dogon hannu sata ake nufi ba, in an yi musu hannunka mai sanda ba su gani. Nan da shekaru kaɗan su ne za su zauna a madadinmu gaban hukuma da gaban maƙwabta. Wa zai yi musu magana in ta ɗauko zafi? A da tatsuniyar dare da zaman zaure da kaset ɗin Shata ne ke koyarwa ba tare da an ce ana koyarwa ba. Yau ɗaki ɗaya ne da iyali takwas, uba ya fita tun asuba sai dare, waya ta karɓi aikin kaka.

Don haka muke kira ga iyaye, musamman mata, da su dawo da tatsuniya da kacici-kacici ko da sau ɗaya ne a mako. Idan karin magana ta fito a baki, a tsaya a fassara wa yaro, kada a ce ai zai gane in ya girma. Muna roƙon malaman Islamiyyunmu su ware ɗan lokaci su koya wa yara kalmomin saye da na gaisuwa, na ta'aziyya da na barka. Matasanmu masu riƙe da waya kuma su zauna da dattawan da suka yi zamanin ɗaurin goro a tasha, su naɗi muryarsu, su tambaye su sunayen goro irin su marsa da minu da daushe, da kirarin sana'arsu, da karin maganar da suka ji a bakin iyayengijinsu. Duk wanda ya naɗa ya kawo wa sakatariya, za mu adana mu riƙa sakawa a wannan shafi da izinin masu muryar.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan zango, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya shirya mana zuri'a. Amin.

Sakataren Ƙungiya
Zango, Agege